Kare ne, kyanwa ce, ko beyar? Abin da matafiyan farko suka rubuta a kan rakun

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyyar halittu ce a makarantar sakandare. Mun kalli wani shirin dabbobi da ɗalibaina aka nuna rakun, aka ce Kolumbus ne ya fara rubuta labarinsa, kuma wai ba ya cin abinci sai ya wanke. Me Turawan da suka fara zuwa Amurka suka rubuta a kansa, kuma nawa ne gaskiya a ciki?

Amsa: Malama, sannu da fama da ɗalibai, Allah ya ba da lada. In a gajarce kike so, maganar Kolumbus ba ta da ƙafafun tsayawa sosai, maganar wanki kuma ba daga daji ta fito ba, daga keji ta fito. Amma labarin ya fi daɗi idan aka bi sawunsa, kuma akwai darasin da za ki iya kai wa aji a ciki.

Saboda masu karatun da ba su ga shirin ba: rakun dabbar nahiyar Amurka ce, babu shi a dazukan Afirka, shi ya sa Bahaushe bai raɗa masa suna ba. Ba abin da ya haɗa shi da raƙumi sai kusancin haruffa. Ya fi ƙaton muzuru girma, bai kai karen farauta ba, galibi kilo 5 zuwa 10. Gashinsa toka-toka ne mai kauri, idanunsa kewaye da baƙi kamar wadda ta rambaɗa kwalli har ya wuce misali, jelarsa mai zobba irin ta inyawara. Abin da ya fi ɗaukar hankali a jikinsa hannuwansa ne: yatsu biyar dogaye, sawunsu a laka kamar tafin hannun jariri. Da dare yake yawo, kuma ba ya zaɓen abinci.

Wanda ya ga dabbar da bai taɓa gani ba, da sunan gida yake kiranta. Mu ma haka muka yi da raƙumin dawa da jakin dawa da karen ruwa. Turawan da suka ƙetara teku ba su tsira daga wannan ba. Kowa ya jawo rakun zuwa ga dabbar da ya baro a garinsu, kuma yawancin ruɗanin da ke cikin tsofaffin littattafan daga nan ya taso.

Ranar 28 ga Oktoba 1492 Kolumbus ya sauka a gaɓar Kuba. Ya shiga wasu gidaje biyu da ya ɗauka na masunta ne, masu su sun gudu don tsoro. Ya tarar da koma da igiyoyi da ƙugiyoyin kamun kifi, a ɗaya daga cikin gidajen kuma ya ga wani kare da bai yi haushi ko sau ɗaya ba. A kan irin wannan ɗan guntun bayani aka gina maganar da kika ji. Wasu marubuta na baya-bayan nan suka ce ai karen da ba ya haushi ba kare ba ne, rakun ne da mutanen tsibirin suke kiwo. Ni ban gamsu ba. Na farko, ainihin littafin da Kolumbus ya rubuta da hannunsa ya ɓace, abin da ke hannunmu taƙaitawa ce da wani malamin addinin Kirista ɗan Sifaniya, Bartolomé de las Casas, ya yi shekaru da dama bayan tafiyar. Na biyu, babu maganar baƙin ido, babu jela mai zobba, babu hannu mai yatsu, alhali waɗannan ne abubuwan da ko yaro zai fara faɗa. Gonzalo Fernández de Oviedo, wanda ya zauna a yankin kuma ya fitar da babban littafinsa a 1535, ya yi bayanin waɗannan bebayen karnuka da ɗan tsawo: ƙanana ne, a gida ake kiwonsu, launinsu kala-kala, ko dukansu aka yi ba sa haushi, kuma Sifaniyawan farko sun cinye su lokacin da yunwa ta matsa musu. Launi kala-kala alamar dabbar gida ce da ta daɗe a hannun mutane. Rakun kuwa kusan duk riga ɗaya suke sawa. Masu tonon kayan tarihi ma sun sami ƙasusuwan karnuka na gaske a tsofaffin matsugunan mutanen tsibiran.

Akwai wata hujjar da ta zo daga baya. An daɗe ana ɗaukar rakun ɗin tsibiran Bahamas da Guadeloupe da Barbados a matsayin jinsuna na musamman da babu su ko'ina a duniya, kowanne da sunansa na kimiyya, har ana ba wasunsu kariya ta doka. A 2003 wasu masana biyu, Kristofer Helgen da Don Wilson, suka sake duba ƙoƙunan kai da fatun da ke ajiye a gidajen tarihi, suka nuna cewa rakun ne na gama-gari irin na babban yankin Amurka, mutane ne suka kai su tsibiran a jiragen ruwa cikin 'yan ƙarnukan nan. In haka ne, wurin da ake cewa Kolumbus ya ga rakun yana ƙara ƙunci. Ki gaya wa ɗalibanki cewa ana faɗin haka, amma ba a tabbatar ba.

Bayani na farko mai ƙwari da na sani daga Meziko ya fito, kuma dalilin ƙwarinsa shi ne ba baƙo ne ya yi shi da idonsa ba. Bernardino de Sahagún, wani malamin addinin Kirista da ya isa can a 1529, ya koyi harshen Nahuatl, ya riƙa zama da dattawan Aztek yana yi musu tambayoyi, ɗalibansa 'yan ƙasa suna rubuta amsa da harshensu. Aikin ya kammala wajen 1577, littafi goma sha biyu, na sha ɗayan a kan dabbobi da tsirrai da duwatsu. A ciki akwai wata dabba mai suna mapachtli. Aka ce hannuwanta da ƙafafunta kamar na mutum, tana ɓarna a gonar masara tun tana ɗanya, tana hawa bishiya ta ci 'ya'yan itace, kuma ɓarauniya ce, duk abin da ta gani sai ta kai hannu. Sunan kansa daga nan yake: mai kama komai da hannu. Daga shi Sifaniyanci ya samo kalmar mapache da ake amfani da ita har gobe. Ki lura, babu kare, babu kyanwa a wannan bayanin. Manomin da aka cinye wa masara ba ya bukatar kwatanta ɓarawonsa da wata dabbar.

Sunan da muke kiransa da shi kuwa daga Bajiniya, a gaɓar gabashin Amurka, ya fito. A watan Disamba 1607, watanni kaɗan bayan Turawan Ingila sun kafa sansaninsu na Jamestown, mayaƙan yankin suka kama John Smith, wani soja cikin Turawan, suka kai shi gaban babban sarkinsu, Powhatan, a garin Werowocomoco. Smith ya ba da labarin abin da ya gani a wani ɗan littafi da aka buga a Landan a 1608. Sarki na kishingiɗe a kan wani gado mai ɗan tudu, an shimfiɗa masa tabarmi goma ko sha biyu, wuyansa cike da sarƙoƙin lu'ulu'u, mace ɗaya a wajen kansa, ɗaya a wajen ƙafafunsa, an lulluɓe shi da wani babban mayafi na fatun wata dabba da Smith ya rubuta sunanta "rahaughcums". Da ya sake ba da labarin a 1624 sai ya ƙara cewa jelolin duk suna rataye a jikin mayafin, kuma a wannan karon "rarowcun" ya rubuta. Wato farkon shigar rakun cikin Ingilishi ba a kan bishiya ya shiga ba, a kafaɗar sarki ya shiga, a matsayin alkyabba.

A 1612 ne Smith ya yi bayanin dabbar kanta, cikin jimla ɗaya tak: akwai wata dabba da suke kira "aroughcun", ta yi kama da dabbar nan ta Turai 'yar'uwar dage, amma a kan bishiya take zama kamar kuregen bisa. Kin ga mutum ɗaya, kalma ɗaya, rubutu iri uku. William Strachey, sakataren mazaunan Jamestown a wancan lokacin, shi kuma nasa rubutun daban. Kunnen Bature ne ke fama da sautin da bai saba ba, kuma a lokacin Ingilishi kansa bai tsayar da ƙa'idar rubutu ba. Harshen mutanen Powhatan ya mutu tun ƙarni na 18, don haka ma'anar da ake ba kalmar, wai mai gogewa ko mai karcewa da hannu, masana harshe ne suka gano ta ta hanyar kwatanta harsunan dangi. In sun yi daidai, to mutanen Bajiniya da na Meziko, da ke nesa da juna kuma harsunansu ba su haɗa komai ba, duk hannun dabbar suka kalla suka ba ta suna.

Faransawan Kanada kyanwa suka gani. Kyanwar daji suka riƙa ce masa, kuma wannan ya bar mana wani ƙulli da har yau ba a warware ba. Akwai wata al'umma da ta zauna a kudancin tafkin Erie wadda Faransawa suka kira Al'ummar Kyanwa. Rahotannin 'yan mishan na tsakiyar ƙarni na 17 suka ce saboda ƙasarsu cike take da kyanwoyin daji da suka ninka na gida biyu ko uku, masu gashi mai kyau da tsada. Wasu masana suka ce rakun ake nufi, wasu suka ce a'a, wata babbar kyanwa ce mai doguwar jela dangin damisa. Da marubucin ya ƙara kalma biyu a kan ido ko hannu, da ba a yi wannan gardamar ba.

Daga nan sai bayanan mazauna, waɗanda suka yi shekaru a ƙasar, kuma nan ne za ki ga bambanci. William Wood ya zauna a Massachusetts, ya fitar da littafinsa a 1634. Ya ce dabba ce mai gashi mai zurfi, jelarta kamar ta yanyawa, namanta kamar na ɗan rago, da rana tana barci a kogon bishiya, idan farin wata ya fito kuma teku ya janye sai ta sauko gaɓa tana cin halittun ruwa masu ɓawo, a nan Turawa suke farautarta da karnuka. Har ya ƙara wa mai karatunsa na Landan cewa akwai guda a Hasumiyar Landan, inda sarakunan Ingila suke ajiye namun daji a wancan lokacin, in yana son ya je ya gani. Kusan duk abin da Wood ya faɗa mai binciken yau zai sa masa hannu. John Josselyn a 1672 ya ce suna addabar gonakin masara, suna yin ƙiba ƙwarai kafin sanyi, namansu ɗan duhu-duhu ne amma yana da daɗi a gashe, kitsensu kuma ana shafa shi ga ciwon jiki. Maganar ƙibar gaskiya ce kuma tana da dalili: a arewa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, rakun na iya kwana makonni a kogo ba ya fita, kitsen nan yake ci, har yakan rasa kusan rabin nauyinsa kafin sanyi ya wuce. Maganar maganin kuwa, wannan tsakanin Josselyn ne da marasa lafiyarsa.

Wanda na fi jin daɗin karantawa, kuma wanda na fi taka-tsantsan da shi, John Lawson ne. Safiyo ne, ya tashi daga Charleston a ƙarshen Disamba 1700, ya yi kusan wata biyu yana ratsa cikin Karolina da ƙafa da kwalekwale, ya zauna a ƙasar shekaru, littafinsa ya fito a 1709. Mutum ne mai ido, amma kuma mai son labari. Ya ce in an kama rakun yana ƙarami yana sabawa da mutane da wuri, sai dai babu mashayi kamarsa a duk halitta in ya sami giya mai zaƙi da ƙarfi, kuma ya fi biri ɓarna. Wannan na yarda ya gani, don irin abin da ake gani ne a tsakar gida. Sai ya ce waɗanda ke bakin teku suna son kawa, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar marfin akwati. Wai rakun yakan zauna yana jira ta buɗe, ya zura hannu da sauri ya zaro naman, wani lokaci kuma ta datse masa hannu ta riƙe shi har teku ya dawo ya nutsar da shi. Cin kawar gaskiya ne. Datsewar, a ce ta taɓa faruwa sau ɗaya wani ya tsinci gawa, labari ya yaɗu.

Na ukun ne ƙanzon kurege. Lawson ya ce in rakun na son ƙaguwa sai ya je bakin fadama ya juya baya ya saki jelarsa cikin ruwa. Ƙaguwa ta ɗauka abinci ne ta damƙe, shi kuma ya yi tsalle gaba ya fizgo ta tudu, ta saki jelar, ya juyo ya cinye ta. Malama, in kin karanta wa ɗalibanki wannan za su ce miki ai Gizo ne. Kamun kifi da jela tsohuwar tatsuniya ce a Turai da Amurka, ana ba da ita a kan dabbobi daban-daban. Dabbar da Allah ya ba hannuwa irin waɗannan, wadda ke lalubo ƙaguwa da kwaɗi a ƙarƙashin duwatsu cikin duhu, me zai kai ta ba da jelarta? Amma labarin ya yi tsawon rai saboda kwafe. A 1737 wani likita ɗan Ayalan, John Brickell, ya fitar da littafi a kan halittun Karolina ta Arewa wanda babban kasonsa daga Lawson ya ɗebo, ba tare da ya faɗa ba. Lawson bai iya ƙorafi ba, don mutanen Tuscarora, wata ƙabilar 'yan asalin yankin, sun kashe shi tun 1711. Mai karatu a Turai ya ga magana ɗaya a littafi biyu, uku, sai ya ce shaidu sun yi yawa, alhali baki ɗaya ne ya faɗa sauran suka amsa amshi. Duk lokacin da na ba ɗalibaina irin waɗannan tsofaffin bayanai, nakan sa su ja layi a ƙarƙashin kowace jimla su rubuta a gefe: wannan gani ya yi, wannan gaya masa aka yi, wannan kwafa ya yi. Shafin Lawson a kan rakun yana da kyau don wannan aikin, tun da gani da ji suna zaune kafaɗa da kafaɗa a sakin layi ɗaya.

Yanzu ga maganar wanki. Ki koma kan Smith da Wood da Josselyn da Lawson, mutane huɗu da suka ga rakun a ƙasarsa, wasunsu sun ci namansa. Babu wanda ya ce yana wanke abinci. Lawson da bai bar labarin jela ya wuce shi ba, da ya ji na wanki ai da bai yi shiru ba. Sunan mai wanki a Turai aka raɗa shi, kuma manyan masana halittun da suka tabbatar da shi, Carl Linnaeus a Suwidin da Buffon a Faransa, babu wanda ya taɓa taka Amurka a cikinsu. Rakun ɗin da suka sani na ɗaure ne, wanda ake kawo wa abinci a kwano.

Linnaeus yana da nasa a lambunsa na Uppsala, sunansa Sjupp, kyautar Yarima mai jiran gado Adolf Fredrik. Bayanin da ya rubuta a kansa yana cikin mafi daɗin abin da aka rubuta a kan dabbar nan. Ya ce Sjupp na son ƙwai da zabibi da almon da sukari da 'ya'yan itace, ba ya son abu mai tsami, ba ya son kifi ɗanye ko dafaffe. In ɗalibi ya shigo da zabibi a aljihu, sai ya hau shi ya zura hannu, ba zai bari ba sai ya ƙwace. In aka ja shi da igiya kuma sai ya kwanta ya baje hannu da ƙafa ya ƙi motsi, taurin kai kamar jaki a bakin gada. A 1747 ya haura shinge ya faɗa gidan da ke da kare, kare ya kashe shi. Linnaeus ya yi baƙin ciki, amma bai hana shi feɗe gawar ya rubuta abin da ya gani ya buga a wannan shekarar ba. Shi beyar ya gani, wato ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta dazukan Turai da Amurka, saboda rakun na taka ƙasa da dukkan tafin ƙafarsa kamar yadda beyar ke yi. Tun 1740 ya sa shi cikin dangin beyar da sunan beyar mai doguwar jela, a 1758 kuma ya ba shi sunan Ursus lotor, wato beyar mai wanki. Har yau Jamusawa beyar mai wanki suke ce masa, haka ma Japanawa, Faransawan Turai kuma ɗan ɓera mai wanki. Buffon, wanda shi ma ya riƙe guda a raye ya kuma yi bayaninsa a 1760, ya zaci ƙarancin yawu ne ke sa shi jiƙa abinci. Ba haka ba ne, yawunsa lafiya lau.

Abin da ke faruwa shi ne, a daji rakun yana samun kaso mai yawa na abincinsa a bakin rafi. Yakan tsaya a ruwa marar zurfi ya zura hannuwa yana lalube ƙarƙashin duwatsu da cikin laka, kansa a sama yana kallon wani wuri, kamar mace mai tsince tsakuwa a shinkafa tana hira. In ya kama abu sai ya jujjuya shi yana murzawa don ya san mene ne. Da hannu yake gani: kusan kashi biyu cikin uku na sashen ƙwaƙwalwarsa da ke karɓar saƙon gaɓoɓin ji, na taɓawa ne. In kika sa shi a keji kika ba shi abinci a busasshen kwano da ruwa a gefe, wannan ɗabi'ar lalube ba ta da inda za ta fita, sai ya ɗauki abincin ya kai ruwa ya sake shi ya sake "kamo" shi. Wani masanin dabbobi, Lyall-Watson, ya gwada wannan a gidan namun dajin Landan ya buga sakamakon a 1963: tsabtar abincin ko dattinsa ba shi ne ke sa su tsomawa ba, kusancin ruwa da irin abincin ne, na ruwa sun fi tsoma shi. A daji ba a ganin rakun ya ɗauko masara daga gona ya nufi rafi da ita don ya wanke. Saboda haka masu shirin sun nuna miki abu na gaske, fassararsa ce ba daidai ba.

Wani ɗalibin Linnaeus, Pehr Kalm, shi ya je Amurka da kansa daga 1748 zuwa 1751, ya zauna a yankin Pennsylvania da New Jersey. Abin da ya kawo ba wanki ba ne, ƙorafin matan gida ne. Ya ce ana iya sabar da rakun har ya riƙa yawo a titi kamar dabbar gida, amma ba a raba shi da sata. Cikin dare ɗaya yana iya gamawa da kajin gida kaf, in ba a kulle akwati ba sai ya buɗe ya cinye sukari ya lashe maɗi da hannu, kullum mata na kawo ƙararsa. Ya kuma ambaci cewa masu yin malfa suna sayen gashinsa. Ki haɗa wannan da abin da dattawan Aztek suka gaya wa Sahagún kusan shekara ɗari biyu kafin nan, za ki ga dabba ɗaya ce, hali ɗaya. Mazauna biranen Amurka da Kanada da ke ɗaure marfin kwandon shara a yau ba za su ƙara komai a kai ba.

A 1780 wani Bajamushe, Gottlieb Storr, ya cire shi daga dangin beyar ya ba shi rukuninsa, Procyon, kalmar Girkanci mai nufin kafin kare. Aka bar masa lotor ɗin, shi ya sa sunansa na kimiyya Procyon lotor, sunan da rabinsa ke maganar kare rabinsa ke maganar wanki, kuma ba kare ba ne, ba ya wanki. Abin dariyar shi ne binciken ƙwayoyin gado na zamani ya nuna dangin rakun sun fi kusa da dangin dage da karen ruwa fiye da beyar ko kare. Wato Smith, soja marar ilimin dabbobi, da jimlarsa ɗaya, ya fi babban malamin Uppsala kusa da gaskiya. Sa'a ce, ba sani ba, amma dai haka ta kasance.

Ba don tarihin suna kawai ake karanta waɗannan bayanan ba. Suna gaya mana inda dabbar take a da. Lewis da Clark, da suka ratsa Amurka daga kogin Missouri zuwa tekun Pasifik tsakanin 1804 da 1806, sun yi sanyin ƙarshe a sansanin Fort Clatsop kusa da bakin kogin Columbia. A watan Fabrairu 1806 Lewis ya rubuta cewa akwai rakun da yawa a dazukan gaɓar, mutanen wurin suna kama kaɗan da tarko, amma ba su ɗauki fatarsa da daraja ba, da wuya su yi mayafi da ita. Fatar da ta zama alkyabbar sarki a gabas, a yamma ba a damu da ita ba. A shafukan tsakiyar tafiyar kuwa, cikin filayen ciyawa da duwatsun Rocky, ɓauna ce da beyar da kerkeci, da wuya ki ci karo da sunansa. A lokacin rakun na bakin koguna ne da dazuka masu kogon bishiya. Gonaki da rumbuna da shara da kashe kerkeci su suka buɗe masa sauran ƙasar. Daga shekarun 1940 yawansu ya yi tashin gwauron zabo, har aka ƙiyasta cewa a ƙarshen shekarun 1980 sun ninka na shekarun 1930 sau 15 zuwa 20, kuma sun kutsa arewa cikin filayen Kanada. A Jamus ma suna nan birjik, tun daga guda huɗu da aka saki a bakin tafkin Edersee a 1934 da waɗanda suka tsere daga wata gonar fatu a 1945.

Sai dai ko don wannan aikin, a yi hattara da suna. A watan Agusta 1699 William Dampier, Baturen Ingila da ya daɗe yana yawo a tekun Karibiyan, ya sauka a Shark Bay, yammacin Ostireliya. Ya rubuta cewa dabbar tudu da suka gani a wurin wani irin rakun ne, ya bambanta da na Amurka ta wajen ƙafafu, don na gaba gajeru ne ƙwarai, da tsalle yake tafiya, kuma namansa na da daɗi. Babu rakun a Ostireliya, ba a taɓa yi ba. Abin da Dampier ya gani ƙaramin ɗan'uwan kangaru ne, mai ratsi-ratsi a baya, mai goyon ɗansa a jaka. Shekara 91 bayan Smith ya rasa yadda zai rubuta sunan, rakun ya zama sunan gida da Bature ke ɗauka a aljihu ya liƙa wa dabbar da bai sani ba.